Notin fulin karanshaf ya ƙi motsi, ina neman dabara kafin in sauke inji

Ɗan Daji 80
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina tsakiyar canza injin Land Cruiser ɗina, siris 80, ƙirar 1996, mai injin fetur 1FZ-FE da giya otomatik. Tsohon injin ya yi zafi ya ƙona gasket, daga baya ya fara buga ƙarfe daga ƙasa. Na samo wani irinsa, amma wajen ɗauko shi fulin gaba, wato faifan da ke bakin karanshaf (babban shaf ɗin inji) yake juya bel, ya bugu, gefensa ya lotsa. Shi ne nake so in cire fulin tsohon in mayar wa sabon. Na cire lagireto da fanka da bel, na sa soket 30 da dogon hannu a kan babban notin da ke riƙe da fulin, amma duk lokacin da na ja sai injin ya bi ni yana juyawa. Kwana biyu ke nan ina fama. Don Allah masana a taimaka.

Sarkin Sauri
Wa alaikumus salam. Wannan ai aikin daƙiƙa ɗaya ne. Jingina dogon hannun da shasi, ka shiga mota ka taɓa kik sau ɗaya. Za ka ji ƙau! Shi ke nan.

Tsohon Bakanike
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin kowa ya ba ka dabara, amsa mini abu biyu. Tsohon injin yana cikin motar har yanzu, haɗe da giyabos? Kuma kik yana iya juya shi?

Ɗan Daji 80
Yana ciki, Baba, ban kwance komai ta baya ba. Kik yana juya shi. Sabon kuma yana ƙasa a kan tsohuwar taya.

Tsohon Bakanike
To ka gode wa Allah da ka yi tambaya yanzu. Kada ka sauke shi tukuna. Babu abin da yake riƙe inji kamar motar da yake cikinta: ga maraƙansa, wato ƙafafun da yake zaune a kai, a ɗaure da shasi, ga giyabos ta baya, ga nauyin fiye da tan biyu ya danne komai. Da ka sauke shi ƙasa, da kai da yaranka uku kuna kokawa da shi yana mirginawa. Wannan notin shi ake fara sassautawa kafin a taɓa notin maraƙi ko ɗaya, amma mutane sai sun gama sauke inji suke tuna shi.

Haka ma sabon. Kada ka taɓa fulinsa a ƙasa. Saka shi a mota da lotsattsen fulin nasa, ka haɗa giyabos, ka bar lagireto a waje, sannan ka yi musanyar.

Yaron Gareji
Oga, ba ku da bindigar iska ne? Mu da ita muke cirewa, ko riƙe injin ba ma yi.

Ɗan Daji 80
Na gwada, ƙanina. Mai bakin rabin inci ce. Ta yi ta ɓaɓatu har kwamfureso ya huce, noti ko gezau.

Mai Lissafi
Ba abin mamaki ba ne. Littafin Toyota ya ce a ɗaure wannan notin da ƙarfin 412 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗa noti), wato fam-ƙafa 304 a ma'aunin Amurkawa. Don ka gane girman abin, notin taya na ƙaramar mota bai cika wuce 110 ba. Sannan ka ƙara shekaru kusan talatin na zafi da sanyi da ruwan taɓo, ƙarfin da zai kwance shi ya fi wanda ya ɗaure shi nesa ba kusa ba.

Game da bindigar kuwa, abu uku ke cinye ƙarfinta. Na farko tiyo siriri ko mai tsawo, iska ba ta isa da yawa. Na biyu ƙarin sanda tsakanin bindiga da soket, domin duk bugun da ta yi sai sandar ta ɗan murɗa ta shanye shi. Na uku soket marar nauyi. Shi ya sa ake ƙera wasu soket masu kauri musamman don notin karanshaf, nauyinsu ne ke kai bugun ga noti. In za ka sake gwadawa, ka nemo mai bakin kashi uku cikin huɗu na inci, ka sa soket kai tsaye ba tare da ƙari ba.

Baƙon Zaure
Anya ba bahagon zare gare shi ba? Na ji ana cewa notin karanshaf ta dama ake kwance shi.

Tsohon Bakanike
A'a malam, kada ka sa yaro ya ƙara ɗaure abin da ya fi ƙarfinsa. Zaren dama ne kamar kowane noti, ta hagu yake kwancewa. Injin in ka tsaya a gabansa yana juyawa kamar hannun agogo, don haka juyinsa ma ƙara matse notin yake yi. Dalilin da ya sa dabarar kik take aiki ke nan: ka riƙe kan noti, karanshaf ya juya ya bar shi.

Mai Lissafi
Ƙarin bayani a kan maganar Baba, don masu karantawa da wasu motocin. Tsofaffin injinan Honda da yawa, irin jerin B da D, baya suke juyawa alhali notinsu zaren dama ne. Wanda ya yi musu dabarar kik ƙara ɗaurewa zai yi, in bai karya wani abu ba. Kowa ya fara tabbatar da inda injinsa yake juyawa.

Sarkin Sauri
To kun gani, har Baba ya yarda da maganata. A taɓa kik a wuce wurin.

Tsohon Bakanike
Na ce tana aiki, ban ce a yi ta yadda ka faɗa ba. Kai ka ce "jingina". A wannan jinginawar ake samun rauni. Da idona na ga wanda ya bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin sanda da shasi, yaronsa yana tsaye a gaba yana riƙe da soket kada ya zame. Da aka taɓa kik, sandar ta yi tsalle ta daki shasi, soket ya fita daga kan noti ya sami yaron a ƙwauri. Wata biyu yana ɗingishi. Kuma notin bai kwance ba, sai kusurwoyinsa da suka gurje.

Uwar Tafiya
Ni dai a tawa motar ban taɓa yarda da kik ba. Tawa 80 ce mai giyar hannu, sai in sa giya ta sama, in kulle dif na tsakiya, wani ya taka birki da ƙarfi, ni kuma in ja da dogon bututu. Sai dai akwai laushi a cikin abin, sai ka ja kusan kwata kafin duk haƙoran giya da shaf su gama tattaruwa su tsaya. Tunda taka otomatik ce wannan ba zai yi maka ba, ko ka sa ta a P na fakin karanshaf zai ci gaba da juyawa, saboda mai ne tsakanin inji da giya.

Ɗan Daji 80
Haka ne Hajiya, na sa P ina tsammanin zai riƙe, ashe shirme nake yi.

Yaron Gareji
Oga akwai wata kuma. A naɗa sarƙa ko tsohon bel a jikin fulin a ɗaure da shasi. Ko a ɗan hura wa notin wutar gas ya saki.

Tsohon Bakanike
Yaro, duka biyun a wannan aikin haramun ne, kuma bari in gaya maka dalili don gobe. Wannan fulin ba dunƙulallen ƙarfe ɗaya ba ne. Akwai cibiya a ciki wadda take kama karanshaf, akwai zobe mai nauyi a waje inda bel ke hawa, tsakaninsu kuma roba ce aka matse. Duk lokacin da silinda ta yi wuta, karanshaf yana ɗan murɗewa ya dawo kamar wanda ake matse wanki. Injin mai silinda shida a jere karanshaf ɗinsa dogo ne, murɗewar ta fi yawa. Robar nan da zoben su ke shanye wannan girgizar. In ka ɗaure sarƙa a zoben waje ka ja noti da ƙarfin ɗari huɗu da wani abu, duk ƙarfin ta cikin robar zai bi, sai ta yage ko zoben ya goce. In ka kawo wuta, robar ta gasu, sil ɗin mai na bayan fulin, robar da ke hana mai yoyo, ma ya gasu. Shi kuwa fulin nan shi yake so ya sake amfani da shi. Da a ce jefar da shi zai yi, da na yi shiru.

Yaron Gareji
Na gode Baba. Wallahi mun sha yi, ban san abin da muke ɓatawa ba ke nan.

Mai Igiya
Ba wanda ya ambaci igiya. A cire fulogi na silinda ta ɗaya, a tura igiya mai laushi ta ramin, a bar jelarta a waje, a juya inji har fistin ya matse ta da kan silinda. Ba ya ƙara motsi.

Mai Lissafi
Tana yi a ƙananan injina, amma da sharaɗi: dole fistin ya kasance yana hawa a zagayen matsa iska, lokacin da bawuloli duk suke rufe. In ka kuskure zagaye, igiya ta danna buɗaɗɗen bawul ta lanƙwasa shi. Sannan a wannan ƙarfin ni ba na son in ɗora komai a kan fistin ɗaya da sandarsa, musamman in ya kusa kai ƙololuwa, inda ɗan ƙarfi a karanshaf ke zama matsi mai yawa a kan fistin. A tsohon injin da zai tafi bola, ba komai. A sabon kada ya kuskura.

Mai Igiya
Shekara nawa ina yi ban lanƙwasa komai ba.

Mai Lissafi
A wane inji, ranka ya daɗe?

Mai Igiya
Yawanci Jeep mai lita 4.0.

Mai Lissafi
To ai shi ya sa. Notin Jeep 4.0 fam-ƙafa 80 ne, wajen 108 Nm. Wannan ya kusa ninka shi huɗu.

Uwar Tafiya
Masu otomatik suna da wata dabara tasu a wannan injin. A ƙasa, inda inji ya haɗu da ƙoƙon giyabos, akwai ɗan rami mai marfi wanda ta nan ake kwance notocin kwanbata, tulun man nan da ke haɗa inji da giyar otomatik. Sai ka juya inji har noti ɗaya ya bayyana, ka ɗora masa dogon soket 14 na bindiga, ka ci gaba da juyawa a hankali har soket ɗin ya tokare da gefen ramin. Karanshaf ya kulle ke nan. Da shi ake kwancewa, da shi ake ɗaurewa.

Tsohon Bakanike
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wannan ita za ta yi masa rana wajen ɗaurewa, domin kik kwancewa kawai ya iya. Amma soket ya zama baƙi na bindiga, ba farin mai ƙyalli ba, farin tsagewa yake yi.

Yanzu ɗana, tunda tsohon injin ba ka tausayinsa, in kik za ka yi ga yadda nake yi. Cire fiyus na EFI, wato na tsarin feshin fetur, ka zare wayar kwil mai ba fulogi wuta, don injin kada ya tashi ko da wasa. In ya tashi da sanda a bakinsa, sai dai mu yi maka jaje. Tunda ka ce gasket ta ƙone, cire fulogai shida ka fara juya shi haka nan, wataƙila ruwa ya taru a wata silindar. Soket mai kusurwa shida, ya zauna har ƙarshe. Ka tsaya a gaban mota kana kallon inji, sai ka kai hannun sandar ƙarƙashin ƙarfen shasi da ke hagunka, ya manne da shi daga ƙasa, domin sama zai nufa. Ɗaure shi da igiya ko waya ya zauna daram, babu tazara. Duba kada wata tiyon mai ko waya ta shiga tsakani. Kowa ya bar gaban motar. Sannan taɓa makulli ka saki, kamar wanda ya taɓa garwashi. In bai yi ba a karo biyu, ka haƙura da kik, kada ka cinye haƙoran filawul, don su za ka mayar.

Sarkin Sauri
Abin daƙiƙa ɗaya an mayar da shi huɗuba.

Uwar Tafiya
Ƙwaurinka ne ko nasa?

Ɗan Daji 80
Alhamdu lillahi jama'a! Na bi yadda Baba ya tsara. Da na cire fulogai kuwa sai ga ruwa yana feshi daga silinda ta shida. Karo na farko kik ya yi gurnani kawai, ashe batir ya yi sanyi. Na yi caji, karo na biyu sai ƙara kamar an harba bindiga. Na sauko gabana yana faɗuwa, na tarar noti ya saki, da yatsa na ƙarasa shi.

Sai dai ga sabuwa. Fulin ya ƙi fitowa. Na girgiza, na ja, yana nan. Ina da fula, wato abin zaro fuli, mai ƙafa uku, in maƙala a gefe in ja?

Tsohon Bakanike
Ajiye ta. Mai ƙafa uku zoben waje za ta kama, ka koma maganar roba. Duba fuskar cibiyar, za ka ga ramuka masu zare. An yi su ne don wannan aikin. Nemo fula mai faranti wadda ake ɗaure ta da notoci a cikin ramukan, sukurun tsakiya ya tura bakin karanshaf. Wanke ramukan tukuna, taɓo yana cika su, in noti ya shiga zare biyu kawai zai tsige su. Kuma kada tsinin fular ya shiga ramin karanshaf ya ci zarensa. Mayar da babban notin ka bar shi a sake, fula ta tura kansa, in fuli ya zo ya taɓa shi ka ƙara sassautawa. Ta haka ma fulin ba zai faɗo maka a ƙafa ba, nauyi gare shi.

Mai V8
Ni fa da mai ƙafa uku na cire nawa lokacin da na sa injin LS na GM a motata, ba abin da ya same shi.

Mai Lissafi
Naka daban ne, ɗan'uwa. Fulin LS ba shi da ramukan zare irin waɗannan, ƙafafun fular a cibiyar ciki suke kamawa ta tsakanin hannuwanta, ba a zoben waje ba. Kuma matse shi ake yi a bakin karanshaf ba tare da ki ba, ɗan ƙarfen nan da ke kulle fuli da karanshaf. Notinsa ma irin mai miƙewa ne, sau ɗaya ake amfani da shi: a ɗaure sabo da 50 Nm sannan a ƙara juyi na digiri 140. Kowane inji da ƙa'idarsa, shi ya sa nake jin tsoron "ni haka na yi a tawa".

Mai V8
Gaskiya ne, a cibiya na kama. Kuma sai da na sayi sabon noti.

Yaron Gareji
In babu fula fa? Mu tayalibar biyu muke sawa ta baya mu ɗaga.

Tsohon Bakanike
Me ke bayan fulin da za ka dogara da shi? Marfin gaba ne na alminiyam, da famfon baƙin mai a jikinsa. Ka tsaga shi ka ga aiki. In babu fula, ka sami ƙarfe mai kauri ka huda rami biyu daidai da na cibiyar, ka sa soket tsakaninsa da kan babban notin, ka riƙa ɗaure notoci biyun bi da bi. Fula ke nan ka ƙera.

Ɗan Daji 80
Ya fito. Na zuba man tsatsa na bar shi ya kwana, da safe na yi irin ƙarfen da Baba ya ce, da ɗan matsi kaɗan ya taho. Ga abin da na gani. Robar tana da ƙananan tsaga a fuska amma ba ta bultso ba, zoben bai goce ba. A wuyan cibiyar ta baya, inda sil ke gogawa, akwai wani layi zagaye, ina jin sa da farce. Ɗan ƙarfen nan mai kamar jinjirin wata yana nan a raminsa a jikin karanshaf.

Tsohon Bakanike
Wancan ɗan ƙarfen shi ne ki, shi ke sa fuli ya zauna a mazauninsa ɗaya tak. Duba ramin da yake shiga a cikin fulin, gefunansa su zama a tsaye, ba su buɗe ba.

Layin da farce ke kamawa shi ne damuwata. Sabon sil in ya hau kansa zai yi yoyo, ka ɗauka sil ne marar kyau. Ko dai ka sa siririn hannun riga na ƙarfe da ake sawa a wuyan, ko ka zaunar da sabon sil ɗin ɗan gaba ko baya kaɗan don leɓensa ya sami wuri mai santsi. In layin ya yi zurfi sosai, nemi wani fulin.

Mai Lissafi
Akwai gwaji mai sauƙi na ko zoben ya taɓa zamewa. Alamar taimin a zoben waje take, shi kuwa ramin ki a cibiya yake. Tunda kana da fuli biyu, ɗora ɗaya a kan ɗaya ka daidaita ramukan ki, ka ga ko alamomin sun zo wuri ɗaya. In sun saɓa, ɗaya ya zame. Wannan yana da muhimmanci a motarka domin mai distirbuta ce, da wannan alamar za ka saita wuta. In alamar ta yi ƙarya, duk saitinka ya tashi a banza. Sannan ka ja layin farin fenti daga cibiya ya haye roba zuwa zobe, nan gaba kallo ɗaya zai gaya maka in ya motsa.

Uwar Tafiya
Kuma tunda fuli zai fita daga sabon injin, kada ka mayar ba ka canza sil ɗin gaba da robar marfin famfon mai ba. Wannan marfin sananne ne da yoyo a 1FZ, robarsa bushewa take ta zama kamar ƙirare. Sukurori bakwai ne masu kan gicciye, kuma suna da saurin gurjewa. Share kawunansu tas, ka buga bakin sukudireba ya zauna sosai kafin ka murɗa. Ni biyu suka gurje mini, sai da na yi rabin yini a kansu.

Ɗan Daji 80
Bayan mako guda, ga rahoto. Sabon inji ya shiga, an haɗa giyabos da kwanbata. Na kulle da soket 14 kamar yadda Hajiya ta ce, na cire lotsattsen fulin da bututu, ban ma nemi kik ba. Na gwada alamomin, sun yi daidai. Na canza sil da robar famfo. Saura mayarwa. Sufanar awo tawa, mai auna ƙarfin ɗauri, a 340 ta tsaya. Wani ya ce in buga da bindiga har ta daina juyawa, ya isa.

Sarkin Sauri
Ya isa mana. Ɗan fuli ne fa, bel kawai yake ja.

Tsohon Bakanike
Nan ne fa ban yarda ba ko kaɗan. A wani injin in notin ya yi sako-sako, fuli ne zai yi rawa ya cinye ki. A wannan injin abin ya wuce haka. Bayan fulin akwai giyar da ke juya famfon baƙin mai, kuma ita ce ke kai juyi ga famfon sitiyari. Ba ki ne ke riƙe da ita ba, matsin wannan notin ne kaɗai ya danne ta take juyawa tare da karanshaf. In matsin ya gaza, sai ta riƙa zamewa. Farko za ka ji sitiyari ya yi tauri in ka kai shi ƙarshe, sannan allurar mai ta faɗi. Ka yi tunanin haka ta same ka a kan tudu cikin daji, kana cikin ƙaramar giya, inji yana ihu. Injin da ka sha wahalar sakawa zai tafi a banza saboda noti ɗaya. Bindigar da ta kasa kwance shi, ta yaya za ta ɗaure shi yadda ya kamata?

Mai Difenda
Mu masu Land Rover mun san zafin wannan. A injin 300Tdi in ba a ɗaure notin gaba daidai ba, sai ki ya riƙa cin raminsa a jikin karanshaf har taimin ya goce. Namu 80 Nm ne sannan ƙarin digiri 90. Da yawa an yi asarar karanshaf a kan "ai ya ɗauru".

Mai Lissafi
In ba a sami babbar sufanar awo ba, lissafi zai fitar da kai. 412 Nm daidai yake da nauyin kilo 42 a ƙarshen sanda mai tsawon mita ɗaya. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a santimita 60 daga tsakiyar noti, sanda tana kwance sambal, ya ba da wannan ƙarfin cif. Raba 42 da nauyinka, abin da ya fito shi ne nisan a mita. Tsayawa za ka yi a hankali, ba tsalle ba.

Uwar Tafiya
Malam, a ina zai tsaya? Inji yana cikin mota, shasi dama da hagu. Sandar sama za ta fito.

Mai Lissafi
Kin kama ni, Hajiya. To a juya lissafin. Bututu ya fito sama, a auna mita ɗaya daga tsakiyar noti a yi alama, a maƙala sikelin rataye a nan, a ja har ya nuna kilo 42. Sharaɗin shi ne jan ya zama a gicciye da bututun, ba a karkace ba. In bututun mita ɗaya da rabi ne, kilo 28 ya isa. Ba zai kai sufanar awo daidaito ba, amma ya fi bindiga da "ina ji ya yi".

Tsohon Bakanike
In da hali dai a aro babbar, masu gyaran manyan motoci ba sa rasa ta. Kuma wajen mayar da fulin, shafa ɗan mai a wuyansa da leɓen sil, daidaita ramin da ki, tura da hannu. In ya tsaya, ciro ka duba ko ki ya tashi daga mazauninsa. Kada guduma ta zo kusa, duk bugun da ka yi a bakin karanshaf yana sauka ne a kan metal ɗin da ke hana shi motsi gaba da baya.

Ɗan Daji 80
Na samo aron babbar, mai bakin kashi uku cikin huɗu. Fuli ya shiga da hannu har ƙarshe. Na saita 412, na dafa ƙafa da bamba ina ja har idona ya yi ja, sai na ji ƙas. Ban taɓa jin daɗin ƙara irin wannan ba. Na mayar da bel da fanka da lagireto, na zuba ruwa da mai. Yanzu zan mayar da fiyus in tayar. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Tsohon Bakanike
Dakata! Soket 14 ɗin da ka kulle kwanbata da shi, ka ciro shi?

Uwar Tafiya
Ɗan Daji?

Yaron Gareji
Oga ya yi shiru fa.

Ɗan Daji 80
Makulli yana hannuna saƙon Baba ya shigo. Na shiga ƙarƙashi, ga shi nan zaune a kan noti, ya matse da gefen ramin, sai da na ɗan juya inji baya kafin ya fita. Na mayar da marfin. Ta tashi a kik na biyu, allurar mai ta hau cikin daƙiƙa kaɗan, fulin yana juyawa ba rawa. Gobe zan saita wuta, in akwai mai fitilar taimin da ya san ramukan da ake haɗawa a akwatin gwaji na wannan ƙirar, ya taimaka mini.